Sanin Shanu Ma Yana da Rana: Tambayoyi da Amsoshi kan Masu Nazarin Saƙar Hulɗar Jama'a

Duk shekara da an fara sayar da fom ɗin JAMB sai tambayoyi su yi mini rubdugu, daga ɗalibai, daga iyayensu, har da abokan hira a majalisarmu ta bayan la'asar. Ni malamin ilimin zamantakewa ne a nan Kaduna, abin da a jami'a ake ce wa soshiyoloji, kuma ɓangaren da na fi ba wa ƙarfi shi ne saƙar hulɗar jama'a: wa ya san wa, ta ina suka san juna, me ke bi ta cikin sanayyar. Na gaji da ba da amsa a tsaitsaye a wurin ɗaurin aure, shi ya sa na tara tambayoyin a nan kamar yadda aka yi mini su.

Malam, wannan saƙar hulɗar, Facebook da WhatsApp ake nufi?

A'a, ta girme su nesa ba kusa ba. Ka samu farar takarda ka shiga layi ɗaya a Panteka. Kowane mai shago ka yi masa ɗigo. Duk mutum biyun da ɗaya ke ba ɗaya kaya bashi, ka ja zare tsakaninsu. Kafin ka gama za ka ga abin da ido bai nuna maka ba: wasu sun dunƙule wuri guda, wani yana can gefe da zare ɗaya tal, wani kuma ba shugaban kasuwa ba ne, shagonsa ma ɗan tsurut ne, amma kusan kowane zare sai ya ratsa ta kansa. Ranar da ya kwanta jinya ake gane matsayinsa.

Binciken da aka saba yi yana tambayar shekarun mutum, iliminsa, abin da yake samu. Mu kuma abin da ke tsakanin mutum da mutum muke ƙirgawa.

Su wa suka fara wannan karatu?

A shekarun 1930 wani likitan ƙwaƙwalwa, Jacob Moreno, da abokiyar aikinsa Helen Jennings sun zana irin wannan taswira a wata makarantar horon 'yan mata a jihar New York, don su gano dalilin da ya sa yaran ke guduwa bi da bi. A 1954 John Barnes ya yi nazarin wani garin masunta a ƙasar Nowe, kuma shi ake yawan jingina wa fara amfani da kalmar "saƙar hulɗa" a matsayin ma'aunin bincike. A 1957 Elizabeth Bott ta bi iyalai 20 a Landan, ta ga cewa inda dangi da abokan ma'aurata duk suka san juna, miji harkarsa daban, mata harkarta daban. Inda kuwa mutanensu suke a warwatse, sai ka ga mata da miji suna shawara tare, suna taimakon juna a aikin gida. Kwatanta amaryar da aka kai babban gida a cikin birnin Zariya da wadda suka kama haya ita da mijinta a Malali, za ka gane maganar Bott.

Afirka ma tana da kaso babba. Clyde Mitchell da abokansa a garuruwan haƙar ma'adinai na Zambiya suka yi aikinsu, littafin da ya tattara kuma ya fito a 1969. Ɗalibai masu karatun Arabiyya kan ce mini ai Ibn Khaldun ya riga su, tun da ya yi maganar asabiyya a Muƙaddimarsa a 1377. Gaskiya ne ya hango ƙarfin danƙon zumunci wajen kafa daula da rushewarta. Zana zaren da ƙirga shi ne ya zo daga baya.

Ko za ka ba mu misalin mutum ɗaya da ya yi rayuwarsa a wannan fanni?

Mark Granovetter nake ba ɗalibaina, don tafiyarsa tana da darasi tun daga tuntuɓen farko. An haife shi a Amurka a 1943. Tarihi ya karanta a digirin farko a Princeton, sannan ya tafi Harvard ya faɗa hannun Harrison White, mutumin da ya fara yin digirin digirgir a kimiyyar fiziks kafin ya sake yin wani a ilimin zamantakewa. White ya cusa wa almajiransa ɗabi'ar lissafa alaƙa kamar yadda ake lissafa komai.

Tambayar da Granovetter ya ɗauka ƙarama ce: yaya mutane ke jin labarin aikin da suka samu? Ya je Newton, wani gari a gefen Bostan, ya bi maza 282 masu aikin ofis da na ƙwarewa waɗanda suka canja aiki ba da daɗewa ba. Fiye da rabinsu ta bakin wani suka ji, ba ta tallan jarida ba. Wannan bai ba kowa mamaki ba. Sai ya ƙara tambaya: shi wanda ya ba ka labarin, sau nawa kuke haɗuwa? Cikin mutum 54 da ya yi wa wannan tambaya, kusan kashi 17 cikin 100 ne suka ce suna yawan ganinsa. Kusan kashi 56 suka ce jefi-jefi, kusan kashi 28 kuma suka ce da ƙyar su haɗu sau ɗaya a shekara. Tsohon abokin aji, wanda aka taɓa aiki tare a wani wuri, irin mutanen da Bahaushe zai ce sanin shanu ya yi musu.

Ya rubuta maƙala ya tura wata babbar mujallar fannin a 1969, aka dawo masa da ita. Ya gyara, ya sauya mata suna, wata mujallar ta buga a 1973. Yau tana cikin rubuce-rubucen da aka fi ambata a duk ilimin zamantakewa, an kafa hujja da ita sau dubun-dubata. Ina faɗa wa duk ƙaramin malamin da ya shigo ofishina rai a ɓace don an ƙi karɓar takardarsa.

Ya gama digirin digirgir a 1970, ya koyar a Johns Hopkins, ya dawo Harvard, ya yi shekara 15 a Stony Brook, ya ratsa Northwestern, ya zauna a Stanford tun 1995. A 1985 ya fitar da wata maƙalar da ta ja da masana tattalin arziki, inda ya ce ciniki ba a sarari yake faruwa tsakanin baƙi biyu masu lissafin riba ba, a cikin sanayya da amana yake tsugune. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗaukar kaya a Kantin Kwari ba tare da rubuta ko harafi ɗaya ba, ya kawo Kasuwar Barci ya sayar ya mayar da kuɗi, ya san wannan.

To ai wannan kowa ya sani. Ba shi ne "wa ka sani, wa ya san ka" ba?

Rabinsa ne. Mu a tunaninmu mai uwa a gindin murhu shi ne ba ya cin tuwonsa gaya, wato na jiki shi ke yi maka hanya. Granovetter ya nuna wani abu daban. Aminanka biyar da kuke shan shayi tare kowane dare, abin da ka sani shi suka sani, domin mutanenku ɗaya ne, labari yana ta zagayawa a tsakaninku kamar ruwan kududdufi. Wanda kuka yi hidimar ƙasa tare shekara shida da suka wuce kuwa yana zaune cikin wasu mutane da ba ka da hanyar jin motsinsu sai ta bakinsa. Shi ne gada.

Amma kada a ɗauki binciken Newton a kifa shi a kan Kaduna. Yanjie Bian ya yi irin wannan tambaya a birnin Tianjin na ƙasar Sin, lokacin da hukuma ce ke raba aiki, ya buga sakamakon a 1997. Can na jiki ne ke aiki, domin ba labari ake nema ba, alfarma ake nema, kuma ba wanda zai sa wuyansa saboda mutumin da bai shaƙu da shi ba. A ganina mu muna tsakiya. Labarin an buɗe ɗaukar ma'aikata daga nesa yake zuwa maka, amma sunanka ya shiga takarda sai da ubangida. Wannan hasashena ne daga zama da mutane, kuma tambaya ce da ke jiran ɗalibin da zai bi ta da ƙirge.

Ina al'ada ta shigo cikin wannan lissafi?

Nan ne wurin da na fi so. Zare a takarda ba ya gaya maka abin da ke cikinsa. Zaren ƙawa daban, na ubangida da bara daban, na malami da almajiri daban, na abokan wasa daban. Bafulatani da Babarbare suna iya haɗuwa yau a mota, kafin a kai Jaji sun yi wa juna tsiya sun raba goro. Al'ada ce ta shimfiɗa musu zaren tun kafin a haife su.

Mafi kyawun misali a kanmu aka yi shi. Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a farkon shekarun 1960, littafinsa ya fito a 1969. Shanu na gangarowa daga Arewa, goro na haurawa, tsakanin mai kaya da mai saye tafiyar ɗaruruwan mil, ba banki, ba takardar yarjejeniya. Falke zai sauka a gidan maigida, maigida ya haɗa shi da dillalinsa, dillali ya ba mahautan Yarbawa shanu bashi, maigida ya tsaya a matsayin lamuni. Abin da Cohen ya lura da shi shi ne Hausawan Sabo sun ƙara riƙe Hausancinsu fiye da yadda za su yi a gida, kuma a farkon shekarun 1950 unguwar ta rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, ta ware masallacin Juma'arta. A fassararsa, haɗuwa kullum a sahu ɗaya da wazifa ɗaya ita ta sa ba wanda zai ci amana ya kwana lafiya, ita kuma ta tsare musu cinikin. Ana iya jayayya da shi, ni ma ina ganin ya rage wa imani nauyi ya ƙara wa kasuwa. Duk da haka ya nuna yadda al'ada ke ɗaure hulɗa, hulɗa kuma ke raya al'ada.

A ƙasar Zazzau ma, Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo daga bakinta lokacin da mijinta M. G. Smith ke nazarin sarauta da tattalin arzikin masarautar, aka buga a 1954. Duk mai son ya fahimci ƙawance da biki, yadda mace ke mayar da gudummawa ninki idan na ƙawarta ya tashi, can zai fara.

Me wannan karatu zai gaya mana game da Kaduna da ba mu sani ba?

Kowa ya san abin da ya biyo bayan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002. Mutane suka kwashe kaya, Musulmi suka fi taruwa a arewacin kogi, Kirista a kudanci. Ana yawan lissafa rayuka da dukiyar da aka rasa. Abin da ba a lissafawa shi ne sanin shanun da ya mutu.

Ka tuna Kakuri lokacin da masaƙu ke aiki. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, wasu suka biyo baya, dubban ma'aikata daga kowane lungu na ƙasar nan suna shiga aiki da jiniya ɗaya, suna ƙungiyar ƙwadago ɗaya. A Arewa Textiles Adams Oshiomhole ya fara, har ya zama babban sakataren ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a 1982. Ba lallai Bahaushen Tudun Wada da mutumin Kagoro da ke kan inji ɗaya su zama aminai ba. Amma ya san sunansa, ya je sunan ɗansa, in wata jita-jita ta tashi yana da wanda zai tambaya. Masaƙun suka rufe ɗaya bayan ɗaya a daidai shekarun da gari ke rabuwa. Yau akwai saurayi a Rigasa da ya kai shekara 20 bai taɓa cin abinci a gidan Kirista ba, akwai takwaransa a Sabon Tasha da bai taɓa shiga gidan Musulmi ba. Kowannensu yana da aminai birjik, gada ce babu.

Granovetter yana da wani misali na 1978 da nake so kowane ɗan Kaduna ya ji. Mutum 100 sun taru a dandali. Na farko zai yi jifa ko ba wanda ya fara. Na biyu sai ya ga mutum ɗaya ya yi. Na uku sai ya ga biyu, haka har na ɗari. Na farko na ɗaga dutse, duka ɗarin sun shiga. Yanzu cire na biyun, ka sa wanda sai ya ga mutum biyu. Na farko ya yi jifarsa, ya waiga, ba kowa. Gobe jarida za ta ce taron farko na ɓata-gari ne, na biyu na mutanen kirki, alhali mutum ɗaya ne bambancinsu.

Alexandra Scacco ta bi waɗanda suka shiga rikicin Kaduna da na Jos da tambayoyi, ta ga talauci shi kaɗai bai isa ya fitar da mutum titi ba. Talakan da ke da ƙarfin alaƙa a cikin unguwarsa shi aka fi janyowa. Daga baya ita da Shana Warren suka yi gwaji a nan garin da samari 849, Musulmi da Kirista. An zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a aka koya musu kwamfuta na mako 16, wasu a aji gauraye, wasu a aji na addini ɗaya. Sakamakon da suka buga a 2018 bai yi wa masu son labari mai daɗi daɗi ba: abin da samarin ke ɗauka a zuci game da ɗaya ɓangaren bai sauya ba. Sai dai da aka ba su kuɗi su raba, 'yan aji gauraye sun fi yin adalci ga wanda ba addininsu ɗaya ba, 'yan aji ɗaya kuma sun fi nuna bambanci, har fiye da waɗanda ba su shiga ajin ba sam. Wato tara yara 'yan gida ɗaya su ƙara shaƙuwa yana da nasa farashin.

Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye ma, da suka kafa cibiyar sasanci bayan kowannensu ya yi rashi a rikicin 1992, wani wanda ya san su duka biyu ne ya haɗa hannayensu a 1995.

Da gaske ne mutum shida ne tsakanina da kowa a duniya?

Daga gwajin Stanley Milgram maganar ta fito. A wanda ya buga da Jeffrey Travers a 1969, an ba mutum 296 saƙo su isar ga wani mutum a Bostan ta hannun wanda suka sani kawai. Guda 64 ne suka isa, ta hannun mutum biyar da ɗoriya a tsakani. Sauran sun maƙale a hanya, kuma ba a cika faɗin wannan ba.

Yaya ake yin binciken? Sai na iya lissafi?

Sai ka iya daidai gwargwado, kuma ana koyo. Akwai manhajoji irin su UCINET da Gephi da ke zana taswirar su auna wa ke tsakiya, wa ke gada. Wahalar tana wurin samo amsar gaskiya. Na taɓa tura ɗalibai wata kasuwa da takarda mai cewa "faɗi mutum biyar da kake karɓar bashi a wurinsu". Kafin azahar labari ya zaga cewa masu haraji sun zo da sabuwar dabara. Laifina ne. Bahaushe ba ya faɗin wanda ke binsa bashi ga yaron da bai san ubansa ba. Da muka koma, sai da muka fara gaida shugabannin kasuwar, muka yi mako biyu muna zama kawai, muka mayar da tambayar ta zama "in abu ya taso maka da dare, ƙofar wa za ka buga?"

Sannan amana. Wanda ya ba ka sunaye biyar ya ba ka sirrin mutum biyar da ba su ba ka izini ba. A garin da ya ga abin da Kaduna ta gani, taswirar wa ke hulɗa da wa ba abin yasarwa a kan tebur ba ce. Ana sauya sunaye da lambobi tun ranar farko.

Malam, ni mace ce. Akwai wurina a ciki?

Akwai, har ma kin fi mu shiga. Rabin saƙar garin nan a cikin gidaje take, inda namiji baƙo ba ya wuce zaure: adashi, biki, Islamiyya, dillaliya mai yawo da atamfa da labari. Enid Schildkrout ta nuna a Kano a shekarun 1970 yadda matan kulle ke gudanar da sana'a ta hannun yara masu talla da aike. Yanzu waya ta karɓi wani ɓangare na aiken, kuma wadda za ta zauna a tsakar gida ta ga yadda abin ya sauya ke ce, ba ni ba.

Ni uba ne. In ɗana ya karanta wannan, me zai ci?

Alhaji, ba zan rufe ka ba. In koyarwa a jami'a yake so, tafiyar doguwa ce: digirin farko shekara huɗu, hidimar ƙasa, digiri na biyu, sannan na digirgir. Matakan aiki bakwai ne daga mataimakin malami mai digirin farko zuwa farfesa, galibi shekara uku tsakanin mataki da mataki, kuma ba a hawa sai da maƙalun da aka buga. Kafin a ba shi farfesa sai an tura rubuce-rubucensa ga masana na waje sun auna. Farfesa na ritaya a shekara 70. Albashi ba ya kai wahalar, ga yajin aiki. Na 2022 wata takwas ya ci. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, na taimakawa da kuɗin ƙaro karatu da na bincike, amma ba kowa ke samu ba. Fannin kuma ba ya rasa ƙura: Patrick Wilmot yana koyar da shi a Jami'ar Ahmadu Bello gwamnatin soja ta fitar da shi daga ƙasar a 1988. A wannan sashen na Jami'ar Ahmadu Bello ne kuma marigayi Ibrahim Tahir, Talban Bauchi, ya koyar.

Wajen jami'a akwai hukumar ƙidaya, hukumar ƙididdiga, ƙungiyoyin agaji, kamfanonin binciken kasuwa, da harkar lafiya. Bin sawun waɗanda suka yi hulɗa da mai cuta, kamar yadda aka yi lokacin korona a 2020, aikin saƙar hulɗa ne tsantsa. Rigakafin shan-inna ma bai samu karɓuwa a Arewa ba sai da aka bi ta hannun sarakuna, masu unguwanni da malamai, har aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar a 2020.

Ina ajin ƙarshe, ban san me zan rubuta a kundina ba.

Kada ka ɗauko "tasirin kafafen sada zumunta ga matasan Najeriya". Na duba irinsa har na haddace. Ɗauki abu ƙarami da ƙafarka za ta kai. Tashar Keke Napep ɗaya a Kawo: wa ya kawo kowane direba, wa ya tsaya masa wurin mai keken? Ko masu sayar da doya a Bakin Dogo da manoman da ke ba su kaya. Ko ka nemi tsofaffin ma'aikatan masaƙa 30, ka tambayi kowanne abokan aikinsa nawa na ɗaya addinin yake da lambarsu har yau, yaushe rabon su gaisa, a wane gefen kogi. Yawancinsu sun manyanta, in za ka yi ka yi bana. In kana son tsohon tarihin unguwannin, Gidan Arewa na kan titin Rabah, ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa kuma na kan titin Yakubu Gowon. Ka tafi da katin makaranta da wasiƙar sashenku, ka kuma je da sassafe.